Yadda ake hango ranar tonado da bin sawunta: darasi daga Alabama, 27 ga Afrilu 2011

Ranar Laraba ce. Kafin gari ya waye a jihar Alabama ta Amurka, wani dogon sahun hadari ya ratsa ta daga yamma, ya tuge itatuwa, ya karya turakun lantarki, ya bar dubun-dubatar gidaje cikin duhu. Da hantsi ya dubi ludayi rana ta fito a tsakiyar jihar. Mutane suka fito suna sare rassan da suka faɗa kan motoci da rufin gidaje, da yawansu suna ganin abin da aka yi ta faɗa a talabijin ya zo ya wuce. Ashe somin taɓi ne. Daga bayan azahar zuwa dare guguwar tonado ta yi ta saukowa ɗaya bayan ɗaya, daga Misisipi zuwa Alabama, Tenesi da Jojiya. A wannan rana guda an ƙirga sama da 200, mutanen da suka rasu sun haura 300, mafi yawansu a Alabama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da ranar shi ne ba ta zo wa masu hasashen yanayi a bazata ba. Tun kwanaki kafin ta zo suke nuna yankin a taswira. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, mugunyar rana ma haka take. Wannan jagora ta ɗan'uwa ce da karatu ko aiki ko tuƙin babbar mota ya kai shi Teksas, Oklahoma, Kansas, Misuri ko jihohin kudu maso gabas, da kuma wanda yake gida amma yana da nasa a can.

Ba guguwar da muka sani ba ce

Guguwar da muke gani a fili lokacin bazara, wadda ke kwasar ƙura da ledoji ta wuce, daga zafin ƙasa take tashi, sama kuwa tas babu girgije. Tonado kuwa 'yar hadari ce. Ginshiƙin iska ce mai juyawa da ta haɗa gindin girgijen tsawa da ƙasa. Amurka na samun kimanin 1,200 a shekara, ta fi kowace ƙasa. Mafi yawansu ƙanana ne, ba sa daɗewa. Masu kisa da yawa kusan duk daga wani nau'in hadari suke fitowa, wanda iskar da ke hawa cikinsa take juyawa kamar dutsen niƙa. A nan zan riƙa kiransa uwar hadari.

Akwai wani sabo namu da ya kamata ka ajiye. A Kano ko Damagaram gabas muke duba idan ana maganar hadari, domin daga can yake tasowa. A Amurka akasarin hadari daga yamma ko kudu maso yamma yake fitowa, ya nufi arewa maso gabas. Wanda ya tsaya yana kallon gabas, ta bayansa za a zo masa.

Mataki na farko: kwana 8 zuwa kwana 3 kafin ranar

Wurin farawa shi ne shafin Cibiyar Hasashen Hadari ta Amurka, SPC, da ke garin Norman a Oklahoma. Reshe ce ta hukumar yanayi ta ƙasa, NWS, kuma kyauta take sakin komai. Tana fitar da taswirar yau, ta gobe, ta jibi, sannan wata mai haɗa kwana na 4 zuwa na 8. Idan ka ga an shafa launi a kan wani yanki tun saura kwana 5 ko 6, ka ɗauki abin da muhimmanci. Masu wannan aiki ba sa saurin shafa launi daga nesa sai sun ga alamu sun yi ta maimaituwa.

A wannan lokaci kada ka nemi sanin garin da za a buga, babu mai iya faɗa maka. Tambayar ita ce ko kayan haɗin za su taru wuri guda a lokaci guda. Guda huɗu ne.

Na farko danshi. Iskar kudu ce ke kwaso shi daga Mashigin Tekun Meziko. Ana auna shi da ma'aunin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin ta fara zubar da raɓa. Idan ya kai digiri 60 a ma'aunin Farenhait, kimanin 16 a namu na Salsiyos, an fara magana. Idan ya kai 65 zuwa 70, iskar ta ƙoshi, irin wadda za ka fita ka ji riga na manne maka kamar daren Agusta.

Na biyu, iska mai ɗumi a ƙasa da mai sanyi sosai a sama. Wannan ne ke sa iskar ƙasa ta harba sama da ƙarfi idan ta samu hanya.

Na uku, abin da zai tunkuɗa ta. Yakan zama goshin iska mai sanyi da ke gangarowa daga Kanada, ko iyakar da busasshiyar iskar yamma ke karo da mai danshi a filayen Teksas da Oklahoma.

Na huɗu shi ne saɓanin iska, kuma shi ke raba ranar ruwa da tsawa kawai da ranar tonado. A ƙasa iska na kaɗawa daga kudu ko kudu maso gabas. Ka hau kilomita ɗaya da rabi, ta ƙara gudu ta karkata kudu maso yamma. Ka kai kilomita 5 ko 6, tana zuwa daga yamma da gudu mai tsanani. Wannan bambanci na mirgina iskar tsakani kamar yadda ake mirgina tabarma. Idan iskar da ke hawa cikin hadari ta ɗaga wannan naɗi ta tsayar da shi, hadarin ya fara juyi ke nan.

Manyan na'urorin lissafin yanayi biyu ake dubawa daga nesa, GFS ta Amurka da ECMWF ta Turai. A taswirar sama, ta miliba 500, wato mai nuna iskar da ke tsawon kilomita 5 zuwa 6, nemi inda kogin iska mai gudu ya lotsa kudu a kan Duwatsun Roki na yammacin Amurka sannan ya miƙe arewa maso gabas. Gaban wannan lotsawa ne wurin haɗari. Amma shawarata, kada ka kama zane guda ka yi ta yaɗa shi a WhatsApp. GFS sau huɗu take sabunta lissafinta a rana, kuma abin da ta zana na mako mai zuwa kan sauya kafin magariba. Abin dogaro shi ne wanda ya yi ta dawowa, kuma na'urorin biyu suka yarda a kansa.

Mataki na biyu: jajibiri

Tun 2014 SPC ke amfani da matakan haɗari biyar a taswirarta, kowane da launinsa: kore mai duhu, rawaya, ruwan lemo, ja, sai ruwan hoda mai haske a ƙololuwa. A 2011 uku ne kawai. Matakin ƙololuwa ba a cika fitar da shi ba, akan yi shekara guda cur ba a gan shi ba. Ranar 27 ga Afrilu an fitar da shi.

Kada ka tsaya a launi. Buɗe taswirar tonado ita kaɗai, za ka ga kaso: 2, 5, 10, 15, 30, 45 har 60 cikin ɗari. Ma'anarsa yiwuwar tonado ta sauka cikin tazarar mil 25, wato kilomita 40, daga inda kake. Mutane kan raina kashi 10, suna ganin ai saura 90. A ranar da babu komai wannan yiwuwa ba ta kai ko kashi ɗaya ba, don haka 10 ninki ne mai yawa. Ranar Alabama an kai 45. Idan kuma ka ga an ja layuka baƙaƙe a kan yankin, ana sa ran masu ƙarfi ne, daga EF2 zuwa sama a ma'aunin ƙarfin tonado mai tashi daga EF0 zuwa EF5. Akwai irin wannan taswira ta ƙanƙara da ta iska. A ƙa'idar NWS hadari ya zama mai tsanani idan ƙanƙararsa ta kai inci ɗaya, ko iskarsa ta kai mil 58 a sa'a, kusan kilomita 93, ko ya haifi tonado.

Ƙarƙashin kowace taswira akwai bayanin da mai hasashen ya rubuta da hannunsa. Turancin ƙwararru ne, yana da nauyi, amma ka daure ka karanta. A nan yake faɗar abin da zai iya ɓata hasashen, da sa'o'in da yake zargi, da kuma ko hadarin zai taso a sahu ne ko ɗai-ɗai. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Sahun hadari, irin wanda muka sani a farkon damina mai tura jar ƙura a gaba yana yaye kwano, ya fi zuwa da iska miƙaƙƙiya da ƙananan tonado masu saurin tashi da saurin mutuwa. Uwar hadari da ta ware ita kaɗai, babu mai raba ta da danshin da take zuƙa, ita ce ke haifar da doguwar tonado mai tafiyar kilomita ɗari.

Lokutan da ke jikin taswirorin agogon duniya ne, ana sa musu harafin Z. A watan Afrilu Alabama da Oklahoma na bayansa da sa'a 5, Najeriya da Nijar na gabansa da sa'a ɗaya. Wato 21Z ƙarfe 4 na yamma ne a can, ƙarfe 10 na dare a Kano.

Daren jajibirin ne lokacin shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Cika waya da fawabank da caji. Sayi ƙaramar rediyon yanayi mai batir, irin wadda ke yin ƙara da kanta idan an fitar da gargaɗi. Duba cewa ba ka kashe sanarwar gaggawa a wayarka ba. Sannan buɗe taswira ka haddace sunan gundumarka da na waɗanda ke yamma da kudu maso yamma da ita, da ƙananan garuruwan da ke wannan ɓangare. Mai gabatar da yanayi a talabijin da sunayen garuruwa zai riƙa magana, da sauri, kuma baƙo da bai san su ba zai ji kamar ana karanta masa wani yare.

Mataki na uku: safiyar ranar

Sau biyu a rana, 00Z da 12Z, ofisoshin yanayi ke sakin balan-balan ɗauke da na'urar auna zafi, danshi da iska har can ƙololuwar sama. A ranar da ake jin tsoro sukan ƙara sakin wata da tsakar rana. Daga nan lambobin da za ka ji ana ambata suke fitowa, kuma shafin SPC na da taswirar da ke sabunta su kowace sa'a.

CAPE shi ne man hadari, ƙarfin da iskar ƙasa za ta hau da shi. Ƙasa da 1,000 kaɗan ne, 1,000 zuwa 2,500 ya isa, sama da haka ya yi yawa. Sai dai a jihohin kudu maso gabas, musamman da hunturu, 500 ma kan wadatar idan saɓanin iska ya yi tsanani. Saɓanin iska daga ƙasa zuwa kilomita 6 idan ya kai kilomita 65 zuwa 75 a sa'a, uwar hadari na iya kafuwa. SRH na kilomita ɗaya na farko shi ke nuna juyin da ke kusa da ƙasa: ya wuce 100 a sa ido, ya wuce 300 abin ya munana. Gindin girgije idan ya yi ƙasa-ƙasa, bai kai mita 1,000 ba, tonado ta fi samun sauƙin taɓa ƙasa. Akwai kuma lamba guda mai suna STP da ke haɗa waɗannan duka, wadda idan ta haura 1 ake fara maganar tonado mai ƙarfi. A gefen zanen balan-balan za ka ga wani layi da ke nuna yadda iska ke sauyawa da tsawo. Idan ya miƙe sambal, da sauƙi. Idan ya lanƙwashe kamar lauje, babba, to ranar ce.

Sai murfi. Sau da yawa wata iska mai zafi da bushewa daga tudun Meziko da hamadar kudu maso yamma kan kwanta a sama, kilomita ɗaya zuwa uku, ta danne mai danshin kamar murfin tukunya. Idan murfin ya yi nauyi, duk lambobin nan za su cika amma a wuni ko ɗigo babu. Idan babu shi sam, hadari zai tashi ko'ina da wuri, su cinye wa juna abinci. Mafi haɗari shi ne matsakaicin murfi, wanda zai riƙe har la'asar, zafi ya taru a ƙarƙashinsa, sannan ya fashe a wurare kaɗan. Wannan ne ya sa hasashen tonado ke da wuya, kuma shi ya sa ba na son jin ana zagin masu hasashe idan rana ta wuce lafiya. Digiri ɗaya ko biyu a sama ne ke raba ranar da babu komai da ranar makoki.

Yanzu ka duba hoton tauraron ɗan'adam, ko ka leƙa waje kawai. Idan an yi ruwa da safe kuma girgije ya rufe wunin, ƙasa ba za ta yi zafi ba, haɗarin na iya raguwa. Idan kuwa rana ta fito ƙwal bayan ruwan safe, iskar kudu na kaɗawa da ƙarfi, ɗumi na ƙaruwa, to sama na sake ɗura mai ne. Abin da ya faru a Alabama ke nan. Hadarin asuba bai rage komai ba, sai ma ya katse wutar da mutane za su kalli talabijin da ita, ya kuma kashe wasu tashoshin rediyon yanayi. Aka kuma samu iyakar sanyi a arewacin jihar, irin iyakar da ke ƙara wa hadari juyi idan ya bi ta kanta.

Na'urar HRRR, wadda ke sabunta lissafi kowace sa'a, tana zana yadda hoton rada, wato na'urar da ke hango ruwa da iska a sama, zai iya kasancewa nan da sa'o'i 18. Ka yi amfani da ita don sanin lokaci da siffar hadarin. Kada ka ɗauka ɗigon da ta ɗora a kan garinku alkawari ne, ko wanda ta kauce masa ya tsira.

Mataki na huɗu: sanarwa biyu da ake rikitawa

Sa'a ɗaya zuwa uku kafin abu ya fara, SPC kan fitar da ɗan gajeren bayani kan ƙaramin yanki. Bayansa sai sanarwar zama cikin shiri, wadda a waya za ka ga an rubuta Watch. Tana rufe yanki mai faɗi, wani lokaci rabin jiha, na tsawon sa'o'i. Ma'anarta kayan haɗi sun cika. Idan aka ƙara mata haruffan PDS, ana nufin yanayi mai haɗari na musamman, kuma irinta aka fitar wa Alabama da azahar ɗin ranar. Lokacin wannan sanarwa ne mai zaune a gidan tirela, irin wanda ake ja da mota a dasa, zai kwashi iyalinsa ya koma gini mai ƙwari. Lokacin ne za a ɗauko yara, a fasa fita kasuwa, direba ya nemi inda zai tsaya.

Ta biyu ita ce Warning, gargaɗin neman mafaka. Ofishin NWS na yankin ne ke fitar da ita, akwai irinsu 122 a ƙasar. Ƙaramin zane ne mai kusurwoyi a taswira, yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, ma'anarsa an ga tonado da ido ko rada ta nuna juyi. Tazarar da ke tsakanin gargaɗi da saukar tonado a matsakaici ba ta wuce minti 10 zuwa 15. Sama da wannan akwai sanarwar ta-ɓaci ta tonado, wadda ofishin Norman ya fara amfani da ita ranar 3 ga Mayun 1999 lokacin da wata babba ta doshi garin Moore na Oklahoma. Gaskiya ne yawancin gargaɗi kan wuce ba tare da tonado ta taɓa unguwarku ba. Duk da haka minti 30 a banɗaki ba asara ba ce.

Jiniyar da ke kan turaku an yi ta ne don wanda ke waje. Cikin gida, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne da ruwa na dukan rufi, ba lallai ka ji ta ba. A birnin Oklahoma ana gwada ta ranar Asabar da tsakar rana, sabon zuwa ya sani kada hankalinsa ya tashi.

Mataki na biyar: karatun rada

Amurka na da rada irin ta NEXRAD kusan 160. Shafin NWS na nuna su kyauta, manhaja kamar RadarScope kuma ta fi fito da su dalla-dalla. Zaɓi rada guda mafi kusa da kai, ba haɗaɗɗen hoton ƙasa baki ɗaya ba, sannan ka koyi hotuna uku.

Na farko hoton ruwa. Kore yayyafi, rawaya da ja mamako, shunayya ko fari ƙanƙara. Uwar hadari kan fito kamar ƙwayar wake, ruwa da ƙanƙara a arewa da gabashinta, a kusurwar kudu maso yamma kuma wata ƙugiya ta lanƙwaso. Ruwa ne juyin ke naɗowa. Tonado a bakin ƙugiyar take zama, wato a ƙarshen hadarin. Shi ya sa mutum kan sha ruwa, ya sha ƙanƙara, sai ya ji an yi tsit, ya buɗe ƙofa ya fito a daidai lokacin da bai kamata ba.

Na biyu hoton gudun iska. Kore na nufin iskar da ke tunkarar rada, ja wadda ke guje mata. Idan ka ga kore mai haske manne da ja mai haske, kafaɗa da kafaɗa a ɗan ƙaramin wuri, iska na juyawa a nan. Gwargwadon hasken launukan da matsewarsu, gwargwadon ƙarfin juyin. Ka fara sanin inda radar take a taswira, in ba haka ba za ka karanta launukan a baibai.

Na uku bai game ƙasar ba a 2011, sai a 2013 aka gama sa shi a dukkan radojin. Ana kiransa CC, yana nuna ko abubuwan da ke sama kamanninsu ɗaya. Ɗigon ruwa duk kusan iri guda ne, sai hoton ya fito ja ko ruwan hoda. Idan tonado ta ɗebi katako, kwano, ganye da rufin gidaje ta watsa sama, sai ka ga ɗigo shuɗi ya bayyana daidai inda kore da ja suka manne. Wannan ba hasashe ba ne. Tarkacen gidajen mutane kake kallo, ko da tsakar dare ne.

Rada na da iyakarta. Haskenta na tashi sama yayin da yake nisa, saboda ƙasa a lanƙwashe take. A nisan kilomita 100 yana duba tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, a 160 kusan kilomita 3. Abin da ke ƙasa da haka ba ta gani. Hoton da ke wayarka ma ya tsufa da minti 2 zuwa 6. Saboda haka ake dogaro da masu sa ido na sa-kai da NWS ke horarwa a shirin SKYWARN, kuma saboda haka ya kamata ka kunna tashar talabijin ta garin. A birnin Bamingham na Alabama mutane da yawa ta bakin James Spann, mai gabatar da yanayi a talabijin, suka bi ranar, yana kiran unguwanni da tituna da sunayensu.

Yanzu lissafi. Ɗora yatsa kan juyin, kunna hotunan minti 30 da suka wuce, ka ga layin da yake bi, ka miƙa shi gaba. A ce juyin na kilomita 45 kudu maso yamma da kai, gargaɗin ya ce yana tafiyar mil 55 a sa'a, wato kusan kilomita 90. Minti 30 gare ka, ka cire 5 na tsufan hoto. Irin wannan gudu hadarin 27 ga Afrilu ya yi. Ka kuma bar sarari a lissafin, domin uwar hadari idan ta yi ƙarfi takan karkata dama da hanyar da sauran ke bi, kuma takan saki tonado guda ta sake haifar wata a gaba. Uwar hadarin da ta buga garin Tuscaloosa na Alabama ranar 27 ga Afrilu da misalin ƙarfe 5 da minti 10 na yamma ta taso ne daga Misisipi, ta rayu sama da sa'a 7, ta yi tafiyar kusan kilomita 600 har Karolina ta Arewa. Tonadon da ta haifa tsakanin Tuscaloosa da Bamingham kaɗai ta ja kimanin kilomita 130 a ƙasa, ta kashe mutum sama da 60. Idan guda ta wuce ka, duba bayanta. A rana irin wannan a jere suke zuwa.

Ido ba abin dogaro ba ne a kudu maso gabas. Akwai tuddai da dogayen itatuwa, girgije na ƙasa-ƙasa, ruwa kan lulluɓe tonadon, da yawa kuma da dare suke zuwa, kamar wadda ta ragargaza Mayfield a Kentaki ranar 10 ga Disambar 2021. Kuma don Allah kada sha'awar ɗaukar bidiyo ta sa ka bi ta da mota. Ranar 31 ga Mayun 2013 a El Reno ta Oklahoma, wata mai faɗin kilomita 4 da 'yan kai ta sauya hanya ta kumbura farat ɗaya, ta kashe Tim Samaras, injiniyan da ya shafe shekaru yana nazarin tonado, tare da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young.

Mataki na shida: inda za ka sa jikinka

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko mafakar da aka gina don haka sun fi komai. In babu, hawa mafi ƙasa, tsakiyar gida, ƙaramin ɗaki marar taga: banɗaki, ɗakin ajiyar kaya, ƙarƙashin matakala. Ka sa bango da yawa tsakaninka da waje. Abin da ke kashe mutane galibi tarkacen da ke tashi ne, musamman idan ya sami kai, don haka kowa ya sa hular kwano, ko ta keken yara ce, a rufa da katifa. A sa takalmi mai rufi, ba silifa ba, saboda bayan ta wuce ƙusa da gilashi za a taka. Mai zaune a hawa na sama ya yi magana da maƙwabcin ƙasa tun kafin ranar.

Babban zaure mai faɗin rufi, kamar ɗakin taro, kanti ko cikin masallaci, rufinsa na saurin ruftawa. Idan gargaɗi ya same ku a jam'i, ku koma wurin alwala ko lungun ciki marar taga. Yana da kyau kwamitin masallaci ya zaɓi wurin tun da wuri, ya kuma sa mutum guda ya riƙe waya a ranar da aka shafa launi.

Kada ka ɓata lokaci wajen buɗe tagogi, ba ya hana komai. Kada ka fake ƙarƙashin gadar sama, iska na ƙara gudu a wurin, kuma an rasa rayuka a haka a Oklahoma a 1999. Idan a mota kake, nufi gini mai ƙwari mafi kusa. Idan ya gagara kwata-kwata, ko ka zauna da bel a ɗaure ka sunkuyar da kai ƙasa da taga, ko ka kwanta a kwari mai zurfi nesa da motar, hannu a kan ƙeya.

Bayan ta wuce

Kada ka fito sai gargaɗin ya ƙare kuma ka duba rada babu wata a baya. Nisanci wayoyin lantarki da suka faɗi, idan ka ji warin gas ka bar gidan, janareta kuma a waje ake kunna shi nesa da taga. Tura saƙon tes maimakon kira, ya fi shiga idan layi ya cushe, ka sanar da na gida kana lafiya tun kafin su ga hotuna a Facebook.

Washegari ma'aikatan NWS kan fita su bi sawun ɓarnar, su ba kowace tonado daraja. Ma'aunin EF ne, wanda aka fara aiki da shi a 2007 bisa tsohon ma'aunin da Ted Fujita ya ƙirƙiro a 1971. Daga ɓarnar ake ƙiyasta gudun iskar: EF0 na farawa daga mil 65 a sa'a, EF5 ya haura mil 200, sama da kilomita 320. Ranar 27 ga Afrilu an samu EF5 har huɗu, a Philadelphia da Smithville na Misisipi, sai Hackleburg da Rainsville na Alabama.

Idan kana son idonka ya goge, samu littafin rubutu. Kowace ranar da aka shafa launi, rubuta da safe abin da kake zato: ina, ƙarfe nawa, sahu ko ɗai-ɗai, da dalilinka. Da dare ka buɗe taswirar rahotannin SPC ka gwada da abin da ya faru. Shafin na ajiye tsofaffin taswirori da bayanansu, har da na 27 ga Afrilun 2011. Fara da ita: karanta bayanin da aka rubuta da asuba, da na hantsi, da na azahar, sannan ka buɗe taswirar rahotannin ranar ka ɗora su gefe da gefe.